Gammon Kawu

Na Allah ne mu, kuma gare shi Kawu ya koma ranar wata Talata cikin kaka, a wani asibiti a Lyon, hannunsa cikin nawa. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci muka rufe shi a ɓangaren Musulmi na wata maƙabarta da ke bayan gari. Kwana uku ke nan cif. Duk wanda ya san takardun ƙasar nan ya san ba ƙaramin aiki aka yi ba. Ni na yi wannan aiki, kuma ba ni da abin da na fi nadama a kansa kamar shi.

A gidan Yaya aka yi zaman makoki, a Sevran da ke gefen Paris, domin can jama'armu ta fi yawa. Yaya ita ce babba a ɗakinmu, ita ta riga ni zuwa Faransa. Falonta ya cika, takalma har bakin matakala. 'Yan kasuwar unguwar Barbès ta cikin Paris sun rufe shaguna da wuri sun biyo jirgi, ɗalibai sun zo da jakunkunansu a baya. Duk wanda ya yi mini gaisuwa sai ya haɗa da yabo. Wani Alhaji mai shagon atamfa ya riƙe hannuna ya ce shi tun zuwansa Paris bai taɓa ganin an karɓo gawa daga hannun Turawa da sauri haka ba. Wata Hajiya 'yar Maraɗi ta ce Allah ya so tsohon da rahama da bai cika a wancan ƙauyen ba, da yanzu an tura shi cikin kaburburan Nasara ba wanda ya sani. Inna ta kira daga Damagaram tana kuka tana sa mini albarka, ta ce na rufa wa wanta asiri.

Ina ta cewa amin, ina duba fuskoki. A cikin falon nan duka, waɗanda suka taɓa ganin Kawu da idonsu ba su kai biyar ba. Waɗanda suka san shi, suka zauna da shi shekara arba'in, ban gaya musu ba. Salularsa tana cikin aljihuna a kashe, kuma na san wanda yake ta kira. Kawu ya faɗa mini inda yake so a kwantar da shi da waɗanda yake so su ɗauke shi, ni kuma na yi nawa. Shi ya sa nake wannan rubutu, don a san wane ne shi, a kuma san abin da na hana shi.

Kawu wan mahaifiyata ne. Tun ba a haife ni ba ya zo ƙasar nan, cikin masu aikin hanya. Aiki ya kai su cikin tsaunukan da ke kudu da Lyon, da hanyar ta ƙare kowa ya kama gabansa, shi kuwa wani mai yankan katako ya riƙe shi. Matarsa ta rasu a gida kafin ya samu halin kawo ta, bai sake aure ba, bai bar ɗa ba. Muna yara ana ce mana "Kawu na Faransa", mu kuma muna ganinsa a ranmu cikin kwat a tsakiyar Paris. Da na zo karatu na tashi kai masa ziyara, na hau jirgin ƙasa, na hau bas, bas ɗin ya ajiye ni a wata mararraba da ba kowa. Can sai ga wata tsohuwar mota tana tari, cikinta warin awaki, mai tuƙin sanye da hular ulu da takalmin roba. Na ce masa, ashe Kawu barin Damagaram ya yi ya zo ƙauye? Ya ce shi ko a gida ɗan ƙauye ne, mu ne muka mai da shi ɗan birni a bayan idonsa.

Ƙauyen ƙarami ne, a manne jikin tsauni, gidajensa na baƙin dutse. Kakannin mutanen garin sun yanka tsaunin hawa-hawa, sun tare ƙasa da katangun dutse, sun dasa wani itace da suke kira shatanyi, mai 'ya'ya cikin ɓawo mai ƙaya, in an gasa ɗanɗanonsa ya yi kusa da na dankali. Kawu ya ce da can shi ne tuwonsu, shi ne burodinsu. Shi ya zagaya da ni ya ba ni tarihin wurin. Ya nuna mini kangon da ke bakin rafi inda 'yan mata suke murza zaren siliki kafin a rufe shi. Ya nuna mini lakwal ɗin, wato makarantar boko, da aka kulle da yara suka ƙare, yanzu ofishin magajin gari ne. Ya tsayar da ni gaban dogon dutsen da ke tsakiyar gari, wanda aka rubuta wa sunayen samarin da yaƙin duniya na farko ya cinye, ya sa yatsa ya nuna mini sunan gida ɗaya har sau uku. Ya ce tun daga nan garin bai sake miƙewa ba, sai dai zama da dabara.

Abin da ya ba ni dariya shi ne yadda yake magana. "Lokacin da masaƙarmu ta mutu," in ji shi, ko kuma, "Kakanninmu da kai suke hawa da duwatsun nan." Na ce kakannin wa, Kawu? Ya harare ni ya ce wanda ya gyara katangar da wani ya gina ai ya gaje shi. Kuma gaskiya ne, bayan ya bar aikin katako gyaran katangu ya koma, ba wata katanga a tsaunin nan da hannunsa bai taɓa ba.

Rayuwarsu ba ta da yawa. Mai burodi yana zuwa da mota sau biyu a mako, ya danna oda a bakin majami'a, tsofaffi su fito da jakunkuna. Nan ne kasuwarsu, nan ne rediyonsu. Da rani 'yan Paris su zo su buɗe tagogin gidajen da suka saya, da kaka su rufe su tafi, gari ya koma wa masu shi. Gidan da ke jikin na Kawu na wani tsoho ne da matarsa. Kawu bai taɓa kiransa da suna ba, Maƙwabci yake ce masa, matar kuma Madam. Maƙwabci shi yake kiwata wa Kawu ragon layya, kuma ya fi ni sanin ranar Sallah. In aka yanka, Kawu ya bi gida-gida da nama a faranti. Su kuma ranar da suke yanka aladensu, Madam takan aiko masa da cukun akuya da zuma, wai don kada ya ga hayaƙi a gidan kowa ban da rabonsa.

Kawu ba ya son gaggawa a komai. In ina zuba masa shayi da sauri, ko ina jan hannunsa mu tsallaka titi a Lyon, magana ɗaya yake yi mini: "Injiniya, ba a gudu da mutum." Na daɗe ban san inda ya samo wannan magana ba.

A ƙauyen akwai wata al'ada tun ta kakanni. In mutum ya mutu, danginsa ba sa ɗaukarsa, maƙwabta ne suke ɗauka, kuma kowane gida yana da kusurwarsa a jikin akwatin gawa. Maƙabartar tana can sama, hanyarta siririya ce mai tudu, mota ba ta hawa. Gidan da Kawu ya shiga, kusurwarsa ita ce ta gaba a hagu. Ya ce rasuwar farko bayan tarewarsa, Maƙwabci ya ƙwanƙwasa masa ƙofa ya ce gidanka ne da ɗauka. Kawu ya ce shi Musulmi ne. Maƙwabci ya ce ya sani, ba salla aka ce ya ja ba, kafaɗa ake nema. Suka yi sharaɗi: zai ɗauka daga gida zuwa ƙofar majami'a, ya tsaya a waje ƙarƙashin bishiya har su gama nasu, sannan ya sake karɓa zuwa sama. Ranar katako ya saɓule masa kafaɗa. Da aka sake yin rasuwa sai ya yage wani tsohon rawani ya naɗe gammo ya ɗora. Suka yi masa dariya har da tafi, amma ba a yi rasuwa ta uku ba sai da kowa ya zo da nasa. Har yau a ƙauyen nan gammo suke ce masa, da bakinsu na Faransanci.

A kan wannan al'ada muka yi faɗanmu ɗaya tilo. Shekarata ta biyu ce a Paris, na tara gemu, na karanta littattafai uku, ina jin duk duniya ni kaɗai na san hanya. Na iso ƙauyen na tarar da shi cikin baƙar kwat, gammo a hannu, wata tsohuwa ta rasu. Ban ko zauna ba na fara wa'azi. Na faɗi abin da na sani da wanda ban sani ba, har na ce masa zaman Turawa ya cinye shi. Bai yi musu da ni ba. Ya ja ni bakin ƙofa ya ce in duba titi in ƙirga mazan da suka rage masu iya hawa tudu da kaya.

"Matar nan," in ji shi, "wata biyu tana kawo mini miya lokacin da katako ya karya mini ƙafa. In ban ɗauke ta ba, a baro kake so a tura ta?"

Na yi fushi na koma ranar. Na yi watanni ban kira shi ba. Da kaka ta zo sai ga ƙaramin buhun shatanyi ya iso gidan Yaya da sunana, ba wasiƙa a ciki. Na gasa na ci ina jin kunya, washegari na kira shi. Bai ta da maganar ba, sai ya tambaye ni ko na huda ɓawon kafin in gasa, don in ba a huda ba fashewa yake yi.

Bayan na gama karatu na samu aiki a Lyon na zauna a unguwar Guillotière, sai na riƙa zuwa masa duk wata da kilishi da yaji da goro. Wata rana da hantsi ya ce in raka shi sama. Muka hau a hankali, yana nuna mini inda ake canja kafaɗa, da kwanar da dole na gaba ya rage tafiya don kada nauyi ya faɗa wa na baya. A nan na gane inda maganarsa ta fito. Cikin maƙabartar ya riƙa gabatar mini da su kamar masu rai, wannan ita ce malamar lakwal ta ƙarshe, wannan mai gidan gahawa ne, wannan ya fi kowa nauyi. Sannan ya kai ni wata kusurwa a jikin katanga, nesa kaɗan da gicciyoyi, inda aka kafa duwatsu biyu, ɗaya a kai ɗaya a ƙafa. Ya ce da kamfas ya auna alƙibla, kuma magajin gari ya amince.

"Nan zan kwanta. Ku zo ku yi mini wanka, ku yi mini salla a ƙofar gida. Na gaya musu ba ƙararrawa, ba limaminsu. In kun gama ku ba su ni, sun san hanya."

Na yi dariya na ce Kawu ya bar wannan zance, shi zai rufe mu duka. Amma na ji shi. Ba zan ce ban ji ba.

Ciwon ajalinsa mako biyu ya yi. Ni na ɗauko shi na kawo Lyon. Kullum da safe Maƙwabci yakan kira, su yi hirar awaki da ruwan sama, har ranar da Kawu ya kasa riƙe salula. Da ya cika, kai tsaye na tafi wurin dattijon da ke jagorantar mutanenmu a Guillotière. Mutumin kirki ne, ya san kowane ofishi, kafin la'asar ya samo mai wanka, ya samo wuri. Duwatsun nan biyu sun faɗo mini a rai, ban ce ba su faɗo ba. Sai na tuna Inna, na tuna bakin mutane, na ga kaina ina yi wa Alhazai bayanin cewa Nasara ne za su ɗauki kawuna zuwa maƙabartar majami'a. Na ji ba zan iya ba. Ranar Laraba salularsa ta yi ƙara a hannuna, sunan Maƙwabci ya fito. Na kalle ta har ta tsinke, sannan na kashe ta. Na ce wa kaina in an gama komai zan je in yi musu bayani, ai ba danginsa ba ne.

Bayan an tashi daga zaman makoki na tuƙa zuwa ƙauyen don in rufe gidan. Abin da na fara gani shi ne hanyar sama. Lokacin zubar ganye ne, ko'ina ya rufe, amma ita an share ta fes tun daga ƙasa har ƙofar maƙabarta, don kada ƙafar masu ɗauka ta zame.

Maƙwabci ya haura tamanin a lokacin. Ya tare ni a bakin ƙofa, ya rungume ni, ya ce ya kira asibitin sun ce masa Kawu ya rasu, iyali sun karɓi gawa. Ya ce ya san muna da namu addu'o'in, shi ya sa bai matsa ba. Baƙar kwat ɗinsa tana rataye a jikin ƙofar ɗaki, an goge ta. Madam ta ɗora gahawa. Ya ce magajin gari ya sa an haƙa ramin tun ranar Alhamis, an rufe da katako saboda ruwa. Ɗan Maƙwabcin ya zo daga birni don ɗauka, ya yi kwana huɗu yana jira. Shi kuwa tsohon, likita ya hana shi ɗaukar kaya, amma ya ce ko taku goma ne sai ya riƙe kusurwar gaba ta hagu, tunda mai ita ne a ciki. Sannan ya tambaye ni yaushe za mu kawo shi.

Na gaya masa.

Madam ta kashe wutar gahawa ta zauna. Maƙwabci kuwa bai ɗaga murya ba.

"Su wa suka ɗauke shi?"

Na ce mutanen masallaci ne, mutanen kirki.

"Sun san shi?"

Na ce a'a.

"Sun yi a hankali?"

Na tuna yadda aka yi. Daga mota zuwa rami bai fi taku ashirin ba, kuma da sauri muka yi, domin akwai wata gawar tana jira a bayanmu.

"Ya ɗauki uwata," in ji shi. "Ya ɗauki wana. Ya ɗauki ɗiyata, ranar ni ko tsayuwa ban iya ba. Shekara arba'in, abu ɗaya ya roƙe ni."

Da zagina ya yi, da na fi samun sauƙi. Na yi kuka a gaban tsofaffin nan irin wanda ban yi ba a asibiti, ban yi ba a Sevran. Na ce zan nemi izini a tono shi a kawo. Maƙwabci ya girgiza kai ya ce wanda ya kwanta ba a tashinsa, an yi gudu da shi sau ɗaya, ya isa.

Da yamma muka hau sama ni da shi, yana dogara sanda. Na janye katakon. Ramin yana nan tsakanin duwatsun biyu, an yanke shi daidai yadda Kawu ya auna. Na ɗauki shebur na mai da ƙasar ni kaɗai, tsohon yana tsaye ya cire hularsa, kamar akwai mutum a ciki. Ban taɓa yin aikin da ya yi mini nauyi irin wannan ba.

Da zan tafi washegari ya miƙo mini wani abu a cikin leda. Gammon Kawu ne, rawanin ya koɗe, ya lotsa a tsakiya. Ya ce Kawu ne ya bar shi a wurinsa kafin a tafi da shi asibiti. Ya ce gidan yanzu nawa ne, kuma gidan yana da kusurwa, masu ɗauka sun koma uku. Bai roƙe ni komai ba, faɗa kawai ya yi.

Ban sayar da gidan ba. Bayan shekara biyu Madam ta kira ni wata safiya ina wurin aiki, muryarta kawai na ji na gane Maƙwabci ya rasu. Na ɗauki hutu na tuƙa. Na sa baƙar kwat, na ɗora gammon a kafaɗa, na riƙe kusurwar gaba ta hagu daga ƙofar gida zuwa ƙofar majami'a. Na tsaya a waje ƙarƙashin bishiyar, inda Kawu yake tsayawa, na yi wa Kawu addu'a har suka fito. Sannan muka hau. Da muka iso kwanar nan, ɗaya daga cikin na baya ya ce a hankali, ni kuma na riga na rage tafiya.

Allah ka jiƙan Kawu, ka yalwata masa inda yake kwance ko da ba can ya zaɓa ba. Ka saka masa da kowane taku da ya yi da wani a kafaɗarsa, ka yafe wa ɗan ƙanwarsa da ya ji tsoron bakin mutane fiye da maganar mamaci.

Inna har yau in muka yi waya takan sa mini albarka saboda kwana ukun nan, ni kuma in ce amin, don ban iya gaya mata ba. Kabarinsa na Lyon nakan je, lamba ce a jikinsa, na hagu da na dama ba wanda ya san shi. Duk kaka kuma nakan je ƙauyen in share hanyar sama. Duwatsun biyu suna nan a jikin katanga suna fuskantar alƙibla, ciyawa ta fito a tsakaninsu, ba kowa a ƙasa.